Iyakar Kare Kai da Riƙe Bindiga: Abin da Dokar Najeriya Ta Yarda da Abin da Ta Hana

Ranar 7 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi ɗan jihar Adamawa, wanda ya kashe makiyayin da ya far masa da wuƙa a gona. Kafin watan ya ƙare, a garin Uromi na jihar Edo, gungun mutane suka hallaka matafiya 16, mafarauta da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan 'yan sintiri sun tare motar da suke ciki sun ga bindigogin toka. Duk wannan kuwa a ƙasar da gwamnoni, da ministan tsaro, da janar mai ritaya suka sha fitowa suna ce wa jama'a su tashi su kare kansu.

Dole mai sauraro ya rikice. In kare kai haƙƙi ne, me ya kai manomi bakin igiyar rataya? In gwamna ya ce a nemi bindiga, me ya sa ɗan sanda ke kama wanda ya nema? Ruɗanin ya faro ne daga gwama tambayoyi biyu da doka ta raba. Ta farko: a wane hali ne mutum zai yi amfani da ƙarfi, har ta kai ga rasa rai, ba tare da ya aikata laifi ba? Ta biyu: wa aka yarda ya mallaki bindiga, kuma wace iri? Dokar da ke amsa ta farko daban, wadda ke amsa ta biyu daban, kuma mutum yana iya tsira daga ɗaya ya faɗa cikin ɗaya.

## Tushen haƙƙin

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba kowa haƙƙin rayuwa. Ƙaramin sashe na biyu sai ya kawo togaciya: ba a ɗauka an tauye wa mutum wannan haƙƙi idan ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi don kare wani daga farmakin da ya saɓa wa doka, ko don kare dukiya, ko wajen kama mai laifi da hana shi tserewa, ko wajen kwantar da tarzoma da tawaye. Amma da sharuɗɗa biyu a cikin jimlar: ƙarfin ya zama daidai gwargwadon buƙata, kuma a yi shi a yanayi da iyakar da doka ta amince.

Wace doka ke nan? Ya danganta da inda abin ya faru. Jihohin Kudu suna aiki da dokar laifuka da ake kira Kiriminal Kod, inda sassa na 286 zuwa 288 suka yi bayanin kare kai. Jihohin Arewa da Abuja suna bin tasu dokar laifukan, Final Kod (Penal Code), wadda gwamnatin Sardauna ta kafa ta fara aiki a 1960. An ɗebo ta daga dokar laifuka ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860, shi ya sa lauyoyin Arewa kan janyo hukunce-hukuncen kotunan Indiya idan ana muhawara kan waɗannan sassa. Wasu jihohi sun sake rubuta tasu, don haka lambobin sassa na iya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ginshiƙin bai sauya ba. Lambobin da za a ambata a nan na ainihin Final Kod ne.

Sashe na 59 ya faɗi magana ƙarara: duk abin da aka yi cikin halattaccen kare kai ba laifi ba ne. Ma'ana wanda kotu ta karɓi hujjarsa ba sassauci ake yi masa ba, sallamarsa ake yi ya tafi gida. Sashe na 60 ya faɗaɗa haƙƙin fiye da yadda mutane da yawa ke zato. Mutum yana da damar kare jikinsa da jikin wani, ko da bai san shi ba, da dukiyarsa da dukiyar wani, daga sata, fashi, ɓarna da kutse. Maƙwabcin da ya ji ihu ya fito kai ɗauki yana cikin inuwar dokar kamar mai gidan.

Daga nan sai takunkumi. Sashe na 62 ya ce ba a yarda a yi wa mahari illar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata ba. Sashe na 63 ya ce babu haƙƙin kare kai a inda ake da sararin neman taimakon hukuma. Sashe na 64 kuma ya hana mutum fakewa da kare kai ya yaƙi jami'in gwamnati da ke aikinsa da kyakkyawar niyya, muddin abin da jami'in ke yi bai kai ga tsoron mutuwa ko mummunan rauni ba.

Sashe na 63 shi ne ya fi shafar mutanen karkara. An rubuta shi ne da tunanin cewa hukuma tana kusa. A ƙauyen da ke da tafiyar awa biyu a babur kafin a kai ofishin 'yan sanda, a daren da 'yan fashin daji suka zagaye gari, da wuya mai gabatar da ƙara ya gamsar da kotu cewa akwai sararin kiran jami'ai. Sai dai sashen yana yin aiki ta wata fuskar. Wanda aka yi wa barazana yau, ya kwana ya wuni, jibi ya tara mutane suka je har gidan mai barazanar, ya samu lokacin kai ƙara bai kai ba.

## Yaushe kariya ke iya kaiwa ga kisa

Ba kowane farmaki ne ke halatta kisa ba. Sashe na 65 ya ƙidaya hali uku game da jiki: harin da mai hankali zai ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni daga gare shi, fyaɗe da makamancinsa, sai sace mutum ko garkuwa da shi. Wannan na ukun yana da muhimmanci a yau, domin dokar da aka rubuta fiye da shekaru sittin da suka wuce ta riga ta amince mutum ya yi amfani da ƙarfi har iyaka a kan wanda ya zo ɗauke shi ko ɗauke iyalinsa.

Game da dukiya, sashe na 66 ya ƙidaya fashi, fasa gida da dare, cinna wuta a wurin kwana ko ma'ajiyar kaya, da sata ko kutse a yanayin da ake tsoron in ba a tashi tsaye ba za a rasa rai ko a ji mummunan rauni. Idan aka lura, abin da ya haɗa su shi ne haɗari ga mutum, ba darajar kayan ba. Yaron da aka kama yana karyar masara a gona, ko wanda ya fizge waya ya ruga, ba ya cikin wannan jeri. Ana iya kama shi, ana iya amfani da ƙarfin da kamun ke buƙata, sannan a miƙa shi ga 'yan sanda. Abin da ake yi a kasuwanni da tashoshi, a yi ihun ɓarawo a taru a kansa da duwatsu da taya da fetur, kisan kai ne a idon doka, kuma duk wanda ya sa hannu yana iya amsa tuhuma.

Akwai matsakaicin mataki da ba a cika sani ba. Wanda ya fara da halattaccen kare kai, da zuciya ɗaya, ba da shiri ba, amma ya zarce iyaka har mahari ya mutu, sashe na 222 ya sauko da laifinsa daga kisan da hukuncinsa kisa ne zuwa wanda hukuncinsa ɗauri ne, daga 'yan shekaru har rai da rai. Wannan sashe ya kuma tanadi sassauci ga wanda aka tsokana ya fita hayyacinsa nan take, da wanda ya yi kisa a faɗan da ya ɓarke ba zato. Saboda haka sakamako uku ne ke gaban alƙali: sallama, ɗauri, ko rataya. Abin da ke raba su sau da yawa bai wuce abin da ya faru cikin daƙiƙa goma ba.

## Shari'ar Adamawa

Daƙiƙun nan su ne zuciyar shari'ar manomin Adamawa. Babu jayayya sosai kan cewa an yi faɗa a gona, makiyayin yana da wuƙa, manomin ya ji rauni, ya ƙwace wuƙar, ya soke shi a wuya, ya mutu. Babbar kotun jiha a Yola ta yanke hukuncin kisa a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince, Kotun Ƙoli ma da rinjaye.

Hujjar masu rinjaye ita ce haɗarin ya kau a lokacin da wuƙar ta koma hannun manomin. Daga wannan lokaci, a ganinsu, abokin faɗansa ba shi da makami, shi kuma yana da hanyar gudu. Sukan da ya biyo baya ya wuce abin da kariya ke buƙata. Bayanin da ya yi wa 'yan sanda tun farko ya yi nauyi a wannan hukunci.

Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta saɓa wa abokan aikinta. A nata ganin, mutumin da aka riga aka ji wa rauni, yana tsakiyar kokawa da wanda ya so kashe shi, ba a sa ran ya tsaya ya yi lissafin inda haɗari ya ƙare. Lauyoyi da dama da suka soki hukuncin sun bi wannan layi. Suka ce ƙwace wuƙa ba ya nufin an gama faɗa, tunda wanda aka ƙwace wa yana iya sake ƙwacewa, kuma mai rauni ba lallai ya iya tserewa ba. Wasu suka ce ko da an ƙi karɓar kare kai gaba ɗaya, sassaucin sashe na 222 ya dace da lamarin fiye da rataya.

Masu kare hukuncin su ma ba su rasa abin faɗa ba. A shari'ar da mutum biyu ne kawai a wurin, ɗaya ya mutu, labarin wanda ya rayu kaɗai kotu ke ji. In aka sassauta ma'auni, duk wanda ya kashe abokin gabarsa a daji zai dawo ya ce shi aka fara kai wa hari. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka daga ɓangarorin biyu, sassaucin zai amfani mai kisa daga kowace ƙabila, ba ɓangare ɗaya ba.

A Disambar 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri na Adamawa ya yi wa manomin afuwa, bisa ikon da sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Afuwa tana buɗe ƙofar kurkuku, amma ba ta goge hukuncin Kotun Ƙoli daga littafin shari'a. Ƙananan kotuna za su ci gaba da kallon hukuncin a matsayin abin bi. Abin da ya fito fili daga cikinsa shi ne, a Najeriya samun hanyar kuɓuta yana cikin abin da alƙali ke dubawa. Bidiyoyin da ke yawo daga Amurka suna iya yaudarar mai kallo a nan, domin wasu jihohin can, kamar Fulorida tun 2005, sun cire wajabcin ja da baya daga dokarsu, kuma tsarin mulkinsu ya ambaci riƙe makami a matsayin haƙƙi. Namu bai ambata ba.

## Abin da malaman fiƙihu suka ce

Ga Musulmi da yawa tambayar ba ta tsaya ga Final Kod ba. Hadisi ingantacce ya nuna wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma ana yawan janyo shi a wa'azi idan an zo batun 'yan bindiga. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne sharuɗɗan da malamai suka gindaya a babin tunkuɗe mahari. A mazhabar Malikiyya ana fara gargaɗi idan mahari mai fahimta ne kuma akwai sarari, ana bin mataki mafi sauƙi kafin mafi tsanani, ba a nufin kisa sai in an san ba zai tunkuɗu da ƙasa da haka ba. Idan ya juya baya, hukunta shi aikin hukuma ne. A wannan gaɓa fiƙihu da dokar ƙasa sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato.

## Bindiga: doka ta daban

Duk abin da aka faɗa a sama bai ambaci irin makamin ba. Sanda, adda, wuƙa ko bindiga, ma'aunin kare kai ɗaya ne. Mallakar bindigar kanta kuwa tana ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko haramtattu ne: igwa, roka, bam da gurneti, mashinga, bindigogin soja irin su AK-47, da ƙananan bindigogin hannu, fistol da libarba. Shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu, kuma a aikace farar hula ba ya samu. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, wato bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da ta wasan harbi, da mai aiki da iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, bindigar toka da 'yan uwanta irin na mafarauta da 'yan tauri, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kansu.

Akwai wani tarko a nan. Dokar ta cire daga kashi na biyu duk bindigar farauta da ke da na'urar sake ɗura harsashi, sannan ta ce duk bindigar da ba ta cikin kashi na biyu ko na uku ta koma haramtacciya. Wannan ya shafi bindigar nan da ake ja a ɗura, wadda aka fi sani da fam-akshin, wadda 'yan banga da masu gadi suka fi riƙewa. A 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, ya sa ta cikin jerin. Mutane da yawa suna riƙe da ita da takarda a hannu, suna ganin sun cika ƙa'ida.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai je kotu ya ce dole a ba shi. Dokar ta bar wa hukuma zaɓin bayarwa ko hanawa, ta kuma haramta ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Lasisin na mutum ɗaya ne a kan bindigar da aka rubuta. Ba a aro, ba a gado sai an koma wurin hukuma. Ƙera bindiga ba da izini ba shi ma laifi ne, ko da kuwa maƙerin gado ya yi. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗauri ne na aƙalla shekara goma, na kashi na biyu kuma yana iya kaiwa biyar.

A kan wannan duka, ƙofar neman lasisin ma a rufe take. A Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, yana mai kafa hujja da yawan waɗanda ke yawo a hannun jama'a.

Idan aka haɗa dokokin biyu, ga abin da ke fitowa. Mutumin da 'yan bindiga suka fasa wa gida da dare, ya harbe ɗaya da bindigar da ba ta da lasisi, yana iya kuɓuta daga tuhumar kisa a ƙarƙashin sassa na 65 da 66, amma a ɗaure shi kan mallakar makamin. Mai lasisi kuma, da ya harbi wanda suke rigimar iyakar gona ko ɓarawon da ya riga ya haura katanga yana gudu, takardarsa ba za ta cece shi ba. Lasisi izinin ajiyewa ne, ba izinin harbi ba. Hatta ɗan sanda ba a sakar masa mara ba. Ƙa'idar rundunar mai lamba 237, wadda aka sabunta a 2019, ta taƙaita lokacin da zai buɗe wuta, kuma a 2017 kotu a Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa kan kisan 'yan kasuwar Apo na 2005.

## In gwamna ya ce a sayi bindiga

Kiran ba sabo ba ne. Janar Theophilus Danjuma ya yi shi a Jalingo a Maris 2018. A Fabrairun 2021 Ministan Tsaro Bashir Magashi ya ce kada jama'a su zama matsorata a gaban 'yan bindiga, kuma a watan ne Gwamna Bala Mohammed na Bauchi ya jawo ce-ce-ku-ce da ya ce halin da makiyaya ke ciki a daji ne ya sa suke riƙe AK-47 don kare kansu. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce wa Katsinawa su nemi makami a shekarar. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19 na Zamfara don masu neman lasisi. Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin saya wa rundunar sa-kai ta jiharsa AK-47, bai samu ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan kalamai da ya sauya ko harafi ɗaya na doka. Makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kwamishinan 'yan sanda ba ma'aikacin gwamna ba ne, Sufeto Janar yake amsa wa. Shi ya sa bayan sanarwar Zamfara Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni. Talakan da ya ji jawabin a rediyo ya sayar da akuya ya sayi bindiga, ba zai iya miƙa wa alƙali jawabin gwamna a matsayin hujja ba.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu neman a sassauta dokar suna farawa ne daga abin da kowa ke gani. Dokar tana ɗaure wanda ke tsoron doka ne kawai, ɗan fashin daji bai taɓa cike fom ba. An ba mutum haƙƙin kare kansa daga garkuwa, aka hana shi abin da zai yi kariyar da shi, sai ya fuskanci AK-47 da bindigar toka mai harbi ɗaya. Suna kuma cewa makamai sun riga sun shiga ƙauyuka a ɓoye, gara a fito da su fili a yi musu rajista, a san mai riƙe da kowace, a sa hakimi da dagaci su tsaya masa. Sanata Ned Nwoko na Delta ya kawo shawarar ƙudiri a kan haka a 2024.

Masu adawa, ciki har da manyan hafsoshin soja da 'yan sanda, suna nuni da tarihin Zamfara da Katsina kansu. 'Yan sa-kai sun faro ne a matsayin masu kare gari, amma kashe-kashen da wasunsu suka yi wa Fulani a kasuwanni da rugage ba tare da shari'a ba suna cikin abubuwan da masu bincike suka ce sun rura wutar ramuwar gayya. Bindigar da aka saya don ɗan fashi ita ce za ta fito ranar rigimar gado, ranar zaɓe, ranar da makiyayi ya ratsa gona. Gari mai makami kuma yakan zama abin hari, domin 'yan bindigar suna son makaman. Ga kuma alkawarin da Najeriya ta ɗauka a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan taƙaita ƙananan makamai.

Kowane ɓangare yana da gurbin da bai cike ba. Masu neman sassauci ba su nuna yadda hukumar da ta kasa bin diddigin makaman da ke yawo yanzu za ta iya sa ido kan ƙarin dubbai ba. Masu adawa kuma ba su da amsar da za su ba mutumin da aka kai wa gari hari sau uku jami'i bai zo ba sai da gari ya waye.

Jihohi sun nemi hanya a tsakani ta kafa rundunonin tsaron al'umma da dokar majalisar jiha: Amotekun a Kudu maso Yamma a 2020, ta Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024. Dokar jiha tana ba su halaccin wanzuwa da albashi da kaki, amma irin makamin da za su riƙe har yanzu Abuja ke yankewa. Ɗan runduna kuma, kamar kowa, yana ƙarƙashin ma'aunin sashe na 62. Tsayawa a bakin gari a tare mahara abu ne da doka ta sani. Bin sawu washegari a ƙone rugar da ake zargi ba shi da mafaka a kowane sashe.

## Bayan ƙura ta lafa

Ga talaka, wahalar takan fara ne bayan an tsira da rai. Wanda ya ce kare kansa ya yi, ya riga ya amsa cewa shi ya yi kisan, abin da ya rage shi ne dalili. Za a kama shi, za a tuhume shi, kuma tunda tuhuma ce mai hukuncin kisa, majistare ba ya ba da beli, sai babbar kotu, ita ma a yanayi na musamman. Shekaru na iya wucewa yana jiran shari'a a gidan gyaran hali kafin a zo kan hujjarsa.

Takardar bayanin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda a ranar farko takan bi mutum har Kotun Ƙoli. Sau da yawa yana magana da Hausa ko Fulatanci, wani yana rubutawa da Turanci, a ƙarshe a ce ya dangwala. Bambancin "muna cikin kokawa na soke shi" da "na kayar da shi sannan na soke shi" yana iya zama bambancin sallama da rataya. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irinta, ta tanadi a ɗauki bayanin a gaban lauya, a kuma naɗi bidiyon ikirari. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana da Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Raunin da ke jikin wanda aka kai wa hari shi ma shaida ne, takardar asibiti tana tabbatar da shi. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba.

## Wa ke da ikon gyara

Dokar makamai sai Majalisar Tarayya. Ɗage dakatar da lasisi yana hannun Sufeto Janar da shugaban ƙasa. 'Yan sandan jihohi suna buƙatar gyaran tsarin mulki, tunda sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, gyaran kuma sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24.

Ma'anar kare kai kuwa tana cikin dokar laifuka, wadda ta jiha ce. Majalisar dokokin Katsina, ko ta Zamfara, ko ta Binuwai tana iya fayyace ko wajibi ne wanda aka kai wa hari a gidansa ko gonarsa ya nemi hanyar gudu, da yadda za a auna abin da mutum ya yi a tsakiyar kokawa, ba tare da neman izinin kowa a Abuja ba. Kaduna ta sake rubuta dokar laifukanta a 2017, Adamawa a 2018, wanda ke nuna hanyar a buɗe take. Mafi yawan muhawarar gwamnoni ta tafi ne kan bindiga, inda ba su da iko, ba kan waɗannan sassa da ke hannunsu ba.